Yadda Za Ka Shirya wa Intabiyun Aikin Haɗa Manhajar Waya

An turo maka saƙo cewa kamfani ya ga takardunka, yana son ganawa da kai nan da mako biyu ko uku. Abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne su nemo jerin tambayoyin intabiyu guda ɗari su kama hadda. Kada ka fara daga nan. Mai tambayarka ya san waɗannan tambayoyin, ya kuma san amsoshin da ake haddacewa. Da ya ce maka "to, don me?" sau ɗaya, mai hadda ya rabu da wanda ya taɓa aikin da hannunsa. Abu biyu yake son ganowa. Na farko, ko ka san halin waya, na'urar da sabis ke ɗaukewa a kanta, cajinta ke ƙarewa, tsarinta ke kashe manhajarka ba sallama. Na biyu, ko za ka iya faɗin dalilin abin da ka rubuta. A kan waɗannan biyun za ka ɗora shirinka, kuma ka fara yau, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka fara da sanarwar aikin da manhajar kamfanin

Koma ka karanta sanarwar aikin a tsanake, ka fitar da kowane suna da aka ambata. Android suke so da yaren Kotlin, ko iOS da yaren Swift? Flutter ne da yaren Dart, ko React Native da JavaScript? Kada ka raba kwanakinka kashi huɗu kana neman taɓa kowanne. Ka riƙe wanda suka nema.

Shekarun manhajar kamfanin ma suna faɗa maka abin da za a tambaye ka. A 2017 Google ya karɓi Kotlin a hukumance, a 2019 ya fifita shi a kan Java, Jetpack Compose kuma, sabuwar hanyar gina fuskar manhaja, sai 2021 ya fito cikakke. Saboda haka manhajar da aka fara ginawa tun 2015 da wuya a rasa Java da tsofaffin fuskokin XML a cikinta. Haka abin yake a ɓangaren Apple: Swift ya fito a 2014, SwiftUI a 2019, tsofaffin manhajoji kuwa cike suke da UIKit, wasu har da Objective-C. Idan sabon salo kawai ka iya, ka ware kwana biyu ka leƙa tsohon, ko don ka iya karanta shi.

Daga nan sai ka sauke manhajarsu ka yi rabin awa kana latsa ta kamar mai neman aibu. Juya wayar kwance. Kunna yanayin jirgin sama a tsakiyar loda shafi ka ga abin da za ta yi. Ƙara girman rubutun wayar ka duba ko kalmomi sun hau kan juna. Karanta ƙorafin masu amfani da ita a Play Store ko App Store. Ka rubuta abu biyu da suka burge ka da abu ɗaya da za ka gyara. Wannan na ƙarshen ka ajiye shi a aljihu, sai an tambaye ka za ka fito da shi, kuma cikin ladabi, domin mai yiwuwa wanda ke zaune gabanka shi ya rubuta wurin.

Ka kuma tambayi wanda ya turo maka saƙon matakai nawa ne, da abin da ke cikin kowanne. Ba rashin kunya ba ne, kuma galibi za su faɗa maka.

Manhaja guda da ka sani ciki da waje

Gani ya kori ji. Manhaja ɗaya mai aiki a wayarka ta fi ayyuka goma da aka fara aka watsar a GitHub, shafin da ake ajiye kod. Zaɓi guda, ko ƙarama ce, muddin tana ɗauko bayanai daga intanet, tana ajiye wasu a cikin waya, tana kuma nuna wani abu mai ma'ana idan sabis ya ɗauke. Idan kwafar ta ka yi layi bayan layi daga bidiyon koyarwa, ka ƙara mata wani sashe da ka tsara da kanka, saboda masu intabiyu sun ga waɗannan manhajojin darasi sun fi a ƙirga.

Ka share ta kafin baƙi su zo. Rubuta README mai bayanin abin da take yi da yadda ake kunna ta, da hotunan fuskokinta. Cire duk wani makullin sirri da ka manta a cikin kod, ka kuma soke shi ka karɓi sabo, don goge shi daga fayil ba ya goge shi daga tarihin Git, inda ake adana duk canjin da aka yi wa kod. Sauke ta a sabon wuri ka tabbatar tana haɗuwa daga farko.

Sai babban aikin: bi kod ɗin fayil bayan fayil kana tambayar kanka dalili. Wajen ajiye bayanai a waya, me ya sa ka ɗauki Room ba ka rubuta SQLite kai tsaye ba? Me ya sa ka raba kod ɗin da tsarin MVVM? Wannan laburaren da ka saka, me yake yi maka wanda ba za ka iya yi da layi ashirin ba? "Haka na ga ana yi" amsa ce mai kashe intabiyu. Amsa mai rai tana ɗauke da abin da ka samu da abin da ka sadaukar, kamar ka ce ajiye bayanai a waya ya sa manhajar na buɗewa nan take, amma ya jawo maka aikin tabbatar da cewa tsohon bayani bai daɗe a fuska ba. Ka kuma tanadi amsar "da yau za ka sake gina ta, me za ka canja?" Wanda ya ce ba komai, ya nuna bai koyi komai ba tun da ya gama ta.

Halin waya: nan za ka fi daɗewa

Wannan sashen shi ne ya bambanta mai haɗa manhajar waya da sauran masu rubuta kod, kuma a nan aka fi zubar da mutane.

Fara da zagayen rayuwar fuska. A Android ka san jerin onCreate, onStart, onResume, onPause, onStop da onDestroy, amma jera su ba shi ne sani ba. Ka san cewa idan aka juya waya, tsarin yakan rushe Activity, wato fuskar manhajar da ke buɗe, ya sake gina ta, kuma duk abin da ka ajiye a cikinta kawai ya tafi. ViewModel, wato sashen da ke riƙe wa fuskar bayananta, yana tsallake wannan juyin. Tambayar da ke biyo baya ita ce tarko: idan mutum ya bar manhajar ya shiga wata, memori ya yi ƙaranci, Android ya kashe ta gaba ɗaya fa? A nan ViewModel ma ya mutu. Abin da ke tsira shi ne wanda ka saka a SavedStateHandle ko ka rubuta a ma'ajiyar waya. Kada ka tsaya a karantawa. Shiga saitin masu haɗa manhaja a wayarka, kunna zaɓin da ke rushe Activity da zarar an bar ta, ka cike rabin fom a manhajarka, ka fita ka dawo. Abin da idonka ya gani a nan ba za ka manta da shi a gaban kowa ba. Mai iOS ya yi irin wannan da viewDidLoad da viewWillAppear: na farko sau ɗaya ake kiransa idan an loda fuskar, na biyu kuwa duk lokacin da za ta bayyana. A Flutter ka san lokacin da ake kiran initState da dispose, da abin da setState ke sake ginawa.

Sai babban zare, wato layin aikin da ke zana fuska yana kuma karɓar latsawar yatsa. Allon da ke sabunta kansa sau 60 a daƙiƙa yana ba ka kusan milisakan 16 ne kawai ka gama kowane zane. Ka wuce haka, jeri ya fara sarƙewa a hannun mai gungurawa. Idan kuma ka toshe zaren har kimanin daƙiƙa 5 ba a amsa latsawa ba, Android zai fito da sanarwar cewa manhajar ba ta amsawa, ya ba mutum damar rufe ta. Don haka kiran intanet, karanta babban fayil da lissafi mai nauyi duk a bayan fage ake yin su, sakamakon kawai ake dawowa da shi babban zare. Ka iya nuna yadda ake yi da kayan aikinka: coroutines da Dispatchers.IO a Kotlin, async da await da suka shigo Swift a 2021 ko tsohuwar hanyar Grand Central Dispatch, isolate a Dart. Ka kuma shirya wa tambayar da ke bin wannan: idan mutum ya bar fuskar kafin amsa ta iso, wa zai soke aikin?

Na uku shi ne yoyon memori. Ma'anarsa abu ya gama amfani amma wani na riƙe da shi, tsarin ya kasa kwashe shi. A Android misalin da aka fi sani shi ne wani abu mai tsawon rai ya riƙe Activity. A iOS, inda ARC ke ƙirga masu riƙe da kowane abu, matsalar takan zo ne idan abu biyu suka riƙe juna, ƙirgen ya ƙi sauka zuwa sifiri, shi ya sa ake rubuta weak self a cikin closure. Saka LeakCanary a manhajarka ta Android, ko ka buɗe Instruments a Xcode, ka haddasa yoyon da gangan ka ga kamanninsa, sannan ka toshe shi. Mai Swift ya tabbatar ya iya bambanta struct da class: na farko kwafarsa ake yi idan an miƙa shi, na biyu kuwa abu ɗaya ne kowa ke nunawa.

Na huɗu, intanet. Ka san bambancin amsar kuskure mai lamba 401 da 404 da 500, da abin da ya dace manhaja ta yi wa kowacce. Ga tambayar da nake ganin ta fi kowacce tona asiri: mutum ya danna maɓallin biya, sabis ya yanke kafin amsa ta dawo, ya sake dannawa. Ya za ka hana a cire masa kuɗi sau biyu? Kashe maɓallin bayan dannawar farko rabin amsa ne. Sauran rabin shi ne kowace buƙata ta tafi da lamba ta musamman, ta yadda idan saba, wato kwamfutar kamfanin da bayanai ke zaune a kanta, ta ga lambar a karo na biyu za ta gane maimaici ne ta ƙi sake aiwatarwa.

Sauran ka bi su da sauri amma kada ka tsallake. Tun Android 6.0 a 2015 ake neman izini mai haɗari, kamar na kyamara, a lokacin da ake buƙatarsa, kuma daga Android 13 har sanarwa sai an nemi izininta. Me manhajarka ke yi idan an ce a'a? Aikin da dole ya kammala ko an rufe manhaja, a Android WorkManager ake ba shi. Makullin shiga ba a ajiye shi a fili, Keychain ko Android Keystore ake dogara da su.

Gwajin kod

Iri biyu ne. Akwai wanda za ka rubuta ana kallonka, akwai wanda za a ba ka ka tafi da shi gida.

Na gaban ido yakan zo ko dai a matsayin ƙaramin wasan ƙwaƙwalwa irin na shafin atisayen kod na LeetCode, ko a ce ka gina fuska mai ɗauko jeri daga intanet cikin awa ɗaya. Manyan kamfanoni sun fi son na farko, ƙanana sun fi karkata ga na biyu. Ga wasan ƙwaƙwalwa, ba sai ka warware ɗaruruwa ba. Ka yi ɗaya ko biyu kullum a kan jeri, rubutu, HashMap (tsarin ajiye bayani a nemo shi da makulli) da bincike, da yaren da za ka yi aikin da shi, kana duba agogo. Ka iya faɗin dalilin da ya sa madauki cikin madauki, wato maimaita aiki a cikin wani maimaitawar, ke yin nauyi idan bayanai sun yi yawa, da yadda HashMap ke sauƙaƙa shi. Ga na biyun, ka gina wannan fuskar daga fayil fanko sau uku ko huɗu har hannunka ya saba, da yanayinta guda huɗu: tana lodawa, ta samu bayanai, ba ta samu komai ba, an samu kuskure.

Abin da mutane ba sa atisaye a kansa shi ne magana. Ka saba da faɗin tunaninka a fili kana rubutu, ko da kai kaɗai ne a ɗaki. Kafin ka taɓa madannai, maimaita tambayar da kalmominka, ka tambayi abin da bai fito ba: jerin zai iya zuwa fanko? Akwai maimaici a ciki? Fara da hanya mai sauƙi da ke aiki, ka ce ka san tana da nauyi, sannan ka inganta ta. Idan ka maƙale, ka faɗi inda ka maƙale. Shirun minti biyar ya fi kuskure muni, domin mai kallonka ba shi da ta inda zai taimake ka.

Aikin gida kuwa, ka karanta umarnin sau biyu ka yi abin da aka ce, kada ka ƙara ado alhali ginshiƙi na rawa. Rubuta gwaji ko da kaɗan ne a kan sashen da ke ɗauke da dabara. A README ka faɗi abin da ka bari saboda lokaci da yadda za ka yi shi. Idan ka nemi taimakon manhajar ƙirƙirarriyar basira, ka fara duba ko sun yarda, sannan ka tabbatar babu layin da ba za ka iya karewa ba, saboda a zama na gaba za a iya cewa ka canja wani sashe nan take.

Idan aka ce ka tsara manhaja

Ga masu neman matsayi na tsakiya ko na sama, akan ce: tsara mana manhajar hira, ko shafin labarai mai hotuna. Ba kod ake so ba, tunani ake so. Fara da tambaya: dole ta yi aiki ba intanet? Wayoyi masu ƙaramin memori na cikin lissafi? Sannan ka zana sassa uku, fuska, dabarar aiki, da bayanai. Ka bayyana cewa jeri shafi-shafi ake ɗauko shi, hoto kuma ana rage shi daidai girman wurin da zai zauna kafin a saka shi a memori. A manhajar hira, ka bi saƙo ɗaya daga yatsa zuwa wayar ɗaya mutumin: an rubuta shi a ma'ajiyar waya, ya bayyana da alamar jira, ya shiga layin turawa, an sake gwadawa da sabis ya dawo.

Ka ƙara da abu ɗaya da masu aikin shafin intanet ba sa fama da shi. Manhajar da ta shiga wayar mutum ba ka da ikon janye ta, kuma wasu za su shekara ba su sabunta ba. Shi ya sa ake fara gwada ta ta TestFlight na Apple ko hanyoyin gwaji na Play, a sake ta ga kaso kaɗan na jama'a, a zuba ido a kan rahoton faɗuwa a irin su Crashlytics kafin a buɗe wa kowa. Ambaton wannan kaɗai yana nuna ka taɓa fitar da manhaja, ko aƙalla ka san nauyin fitar da ita.

Tambayoyin hali

Tanadi labari uku na gaskiya: matsalar da ta wahalar da kai kafin ka gano ta, saɓanin da ka samu da abokin aiki, da kuskuren da kai ka jawo. Kowanne ya ƙunshi halin da ake ciki, abin da kai ka yi, da yadda aka ƙare, cikin minti biyu. Ka ce "na yi" a inda kai ka yi, "mun yi" a inda taro ne. Kada ka zagi tsohon wurin aikinka ko da sun cancanta. Idan ba ka taɓa aiki a kamfani ba, aikin makaranta ko na kanka ya wadatar.

In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka taɓa amfani da shi ba, sannan ka faɗi abin da ka sani mai kama da shi da yadda za ka bincika. Ƙirƙirar amsa a gaban wanda ya shekara biyar yana aikin ba ta ɓoyuwa.

Jajibiri da ranar kanta

Kwana biyu kafin ranar, nemi wani ya yi maka intabiyun gwaji na minti 45, ya riƙa katse ka da "don me?" Daren jajibiri kada ka koyi sabon abu, kuma kada ka kuskura ka sabunta Android Studio ko Xcode, don sabuntawa kan karya aikin da jiya yake lafiya lau. Buɗe aikinka ka haɗa shi sau ɗaya domin duk abin da zai sauke ya sauke. Idan ta bidiyo za a yi, gwada makirufo da nuna allo, kashe sanarwa, ƙara girman rubutun kod, ka tanadi hanyar intanet ta biyu. Wayar da manhajarka ke ciki ta kasance cike da caji.

Da aka ce ko kana da tambaya, ka kasance da ita. Sau nawa suke fitar da sabon salo? Wa ke duba kod kafin a haɗa shi? Wane sashe na manhajar ne kowa ke tsoron taɓawa? Amsar wannan ta ƙarshe za ta nuna maka inda za ka kwana a watanninka na farko. Kafin ku rabu, tambayi yaushe za ka ji daga gare su.

Da ka fito, tun kafin ka kira kowa, ka zauna ka rubuta duk tambayar da aka yi maka, ka ja layi a ƙarƙashin waɗanda suka kayar da kai. A daren nan ka buɗe kwamfuta ka gwada su a cikin manhajarka. Idan ranar da suka faɗa ta wuce da kwana biyu ko uku ba ka ji komai ba, tura gajeren saƙo guda na tuni.